Yadda ake jera objek a Java: amsa ga mai haɗa manhajar sakamakon ɗalibai

Tambayar ta fito ne daga wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta da ke aikin sanin makama a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kano. Ga abin da ta rubuto: "Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa makarantar manhajar fitar da sakamakon jarrabawa da Java. Na yi kilas mai suna Dalibi, yana ɗauke da suna, lambar rajista, aji, ƙaramar hukuma da jimillar maki. Na zuba ɗaliban a jeri, na kira Arrays.sort, sai manhajar ta tsaya da ClassCastException, alhali lambobi zalla suna jeruwa lafiya lau. Shin in rubuta tawa dabarar jerawar ne, irin wadda aka koya mana a shekarar farko? Shugaban makaranta yana son a fitar da na ɗaya da na biyu har ƙasa, a wata takardar kuma a jera sunaye daga A zuwa Z."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki rubuta taki dabarar. Java ta iya jerawa, kuma ta fi mu iyawa ni da ke. Abin da ba ta sani ba guda ɗaya ne: idan aka miƙa mata ɗalibai biyu, wanne ne zai zo gaba? Da kika ba ta lambobi, amsar tana jikin lambobin, 40 tana gaban 65 ba sai an tambayi kowa ba. Da kika ba ta Dalibi, sai ta tarar da suna da aji da maki da ƙaramar hukuma a dunƙule, babu wanda ya gaya mata da wanne za ta auna. Arrays.sort ta yi ƙoƙarin ɗaukar kowane objek a matsayin Comparable, wato abin da ya san yadda zai gwada kansa da ɗan'uwansa, ta tarar kilas ɗinki bai ɗauki wannan alƙawarin ba, shi ne ta tsaya.

Kowace dabarar jerawa irin wannan, tun daga mai tafiyar hawainiya har mafi sauri, tambaya ɗaya take ta maimaitawa: tsakanin waɗannan biyun, wa ke gaba? Kamar ɗan dako ne a Dawanau da aka ce ya jera buhuna daga mai nauyi zuwa mara nauyi. Ɗauka da saukewa aikinsa ne kuma ya ƙware, amma sikeli ke ce za ki kawo. In sikelin ya lalace, ƙarfinsa ba zai gyara jerin ba. Duk sauran bayanina a kan sikelin zai tsaya.

Amsar da Java ke jira lamba ce. Idan na farko ne zai zo gaba, a dawo da lamba ƙasa da sifili. Idan na biyu ne, a dawo da lamba sama da sifili. Idan sun yi kunnen doki, sifili. Girman lambar ba ya nufin komai, -1 da -500 duk ɗaya ne a wurinta. Wuri biyu ne za ki iya ajiye wannan amsar, a cikin kilas ɗin ko a wajensa. Ga na ciki:

```java
public class Dalibi implements Comparable<Dalibi> {
    private final int lambarRajista;
    private final String suna;
    private final Aji aji;
    private final String karamarHukuma;
    private final int jimilla;

    @Override
    public int compareTo(Dalibi wani) {
        return Integer.compare(this.lambarRajista, wani.lambarRajista);
    }
}
```

Da wannan kaɗai, Arrays.sort(dalibai) za ta daina tsayawa. Ki lura da lambar rajista na auna, ban auna da maki ba, kuma da gangan na yi. Abin da aka saka a compareTo ya zama tsarin asali na kilas ɗin, duk wanda ya taɓa Dalibi nan gaba, ko a wane sashe na manhajar, shi zai tarar. Maki yana canzawa kowane zango, kuma yara biyu kan samu iri ɗaya. Wannan na biyun yana da haɗari na gaske. TreeSet da TreeMap, ma'ajiyan Java da ke riƙe abubuwa a jere ba tare da maimaici ba, da compareTo suke gane ko abu biyu ɗaya ne, ba sa duba equals. Idan kika auna da maki, wata rana wani ya zuba ɗaliban a TreeSet, yaro na biyu mai 612 ba zai shiga ba, domin an ga akwai mai 612 a ciki. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi, sunansa dai babu a takarda. Lambar rajista kuwa kowa da tasa, kuma tana tare da shi har ya bar makarantar.

Ra'ayina ma shi ne yawancin kilas ba sa buƙatar Comparable sam. Kwanan wata yana da tsari ɗaya da kowa ya yarda da shi, kuɗi ma haka. Ɗalibi ba shi da shi. Shugaban makaranta yana son maki, malamin aji yana son sunaye don kiran rajista, mai karɓar kuɗin makaranta yana son ya ga wanda bashi ya fi yawa a kansa. Tsarin yana wurin mai neman takardar, don haka a ajiye shi a wajen kilas, a Comparator, kowace takarda da nata. Tun Java 8, wadda ta fito a 2014, rubuta shi ya zama layi biyu:

```java
Comparator<Dalibi> bisaMaki =
    Comparator.comparingInt(Dalibi::getJimilla).reversed()
              .thenComparingInt(Dalibi::getLambarRajista);

Arrays.sort(dalibai, bisaMaki);
```

Ma'anarsa: a auna da jimilla, babba a sama, in an yi kunnen doki, a koma ga lambar rajista. Inda kika ajiye reversed yana da muhimmanci, domin duk abin da ya gabace ta a layin take juyawa. Idan kika kai ta ƙarshe, bayan thenComparingInt, lambar rajistar ma za ta juye. Idan ɗaliban a ArrayList suke, dalibai.sort(bisaMaki) za ki rubuta, aikin ɗaya ne.

Akwai abin da nake kyautata zaton za ki ci karo da shi da zarar wannan kuskuren ya kau. Idan kin buɗe jerin da new Dalibi[60] amma yara 47 kika zuba, guraben 13 da suka rage null ne a cikinsu, kuma Comparator zai faɗi da NullPointerException da ya taɓa ɗayansu. Ki gaya wa Java iyakar inda za ta tsaya: Arrays.sort(dalibai, 0, adadi, bisaMaki). Ko ki koma ArrayList ki huta da ƙirga gurabe, shi na fi ba ki shawara. Sannan jerawar a kan jerin naki take faruwa, tsohon tsari ya tafi ke nan. In kina buƙatarsa, ki ɗauki kwafi da Arrays.copyOf tukuna. Kwafin na nuni ne kawai zuwa objek ɗin, ɗaliban da ke ciki su ne dai na asali, don haka in kika canza makin ɗaya a nan, a can ma ya canza.

Za ki ga mutane da yawa suna taƙaita Comparator da ragi, su rubuta return b.jimilla - a.jimilla. A kan jimillar maki wadda int ce kuma ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba, ba zai cutar da ke ba. Amma ɗabi'ar ce ba na so ki ɗauka, domin ranar da gurbin ya zama double za ki ga kwamfayila ta ƙi, sai ki ƙara (int) a gaba don ta yi shiru. To, mai matsakaicin maki 71.8 da mai 71.2 bambancinsu 0.6 ne, (int) kuma yanke abin da ke bayan ɗigo take yi, sai ya koma sifili. Yara biyu da ba su yi daidai ba an mayar da su daidai. Haka abin yake da kuɗi. A ce gobe kin haɗa wa wani dila a Kantin Kwari manhajar bin bashi, kin ajiye kuɗin da kwabo a long, wanda shi ne daidai. Mafi girman abin da int ke ɗauka shi ne 2,147,483,647. A kwabo, naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai ke nan, kuɗin da dila ɗaya kan bi mutum ɗaya. Da bambancin mutum biyu ya haura haka kika matse shi cikin int, lambar tana iya juyewa ta koma ƙasa da sifili, wanda ya fi kowa bashi ya faɗo ƙasan takarda. Integer.compare, Long.compare da Double.compare ba su da wannan matsalar, haka ma comparingInt da 'yan'uwanta. Su za ki riƙe.

Comparator yana da sharuɗɗa da dole ya cika, kuma Java ba ta bincika su kafin ta fara aiki. Idan ya ce Amina tana gaban Binta, to da aka juya tambayar dole ya ce Binta tana bayan Amina. Idan Amina tana gaban Binta, Binta tana gaban Hauwa, dole Amina ta kasance gaban Hauwa. Idan ya ce biyu daidai suke, dole su zama daidai a gaban kowane na uku. Da ji kamar ba mai karya waɗannan, amma ga layin da nake yawan gani a aikin ɗalibai:

```java
return a.getJimilla() > b.getJimilla() ? -1 : 1;
```

Wannan ba ya taɓa dawo da sifili. Ba shi yara biyu masu 540, zai ce na farko yana baya. Juya su, zai sake cewa na farko yana baya. Kowa yana bayan ɗan'uwansa. Wata hanyar karya sharaɗin ita ce sassauci: a ce duk waɗanda bambancinsu bai kai rabin maki ba a ɗauke su daidai. Sai 70.0 ta yi daidai da 70.4, 70.4 ta yi daidai da 70.8, amma 70.0 tana ƙasa da 70.8. In makaranta tana son sassauci, a fara daidaita kowane maki zuwa lamba ɗaya bayan ɗigo, sannan a gwada su ba sassauci.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan shi ne yadda kuskuren ke ɓuya. Tun Java 7, a 2011, ana jera objek da Timsort, dabarar da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002. Idan abubuwan ba su kai 32 ba, Java ba ta shiga matakin haɗa gutsattsari, tana cusa kowane ɗaya a gurbinsa ne kawai. A matakin haɗawar ne take iya gane cewa amsoshin suna cin karo da juna, ta jefo IllegalArgumentException da saƙon "Comparison method violates its general contract!". Wato in kin gwada da yara biyar a kwamfutarki komai zai tafi daidai. Ranar da aka zuba ajin gaske, ko makarantar gaba ɗaya, a makon rufe zango ana jiran katin sakamako, ranar zai iya fashewa. Kuma ba kullum yake fashewa ba, wani lokaci jerin ne kawai zai fito a karkace ba wanda ya lura. Na fi tsoron wannan.

Timsort tana da wata siffa mai amfani: tana kiyaye tsohon tsari. Idan Comparator ya ce biyu daidai suke, wanda yake gaba kafin a fara shi zai ci gaba da zama gaba. Saboda haka za ki iya jera ɗalibai da suna, sannan ki sake jera su da aji, kowane aji ya fito sunayensa a jere. Java ta yi alƙawarin haka ga objek. Duk da haka na fi son a rubuta thenComparing a fili, domin wanda zai gaje ki a aikin ya karanta ya gane niyyarki ba tare da ya bi tarihin jerin ba.

Yanzu batun na ɗaya da na biyu. Jerawa daban, matsayi daban. Idan kika ɗauki gurbin yaro a jeri kika ƙara ɗaya kika kira shi matsayinsa, to yara biyu masu 612 ɗaya zai zama na biyu, ɗaya na uku, kuma abin da ya raba su lambar rajista ce, wato wanda aka fara kawowa makarantar. Wannan haƙƙin yaro ne. Katin nan gida za a kai shi, uba zai duba, a ranar rabon kyaututtuka da shi za a kira suna. Lambar rajistar da muka saka a Comparator don takarda ta riƙa fitowa iri ɗaya kullum ce, ba ta da hurumin raba matsayi. Bayan an jera, sai a bi a kirga:

```java
int matsayi = 0;
for (int i = 0; i < adadi; i++) {
    if (i == 0 || dalibai[i].getJimilla() != dalibai[i - 1].getJimilla()) {
        matsayi = i + 1;
    }
    System.out.println(matsayi + "  " + dalibai[i].getSuna());
}
```

Wannan zai ba ki 1, 2, 2, 4. Wasu makarantun 1, 2, 2, 3 suke yi. Wasu kuma suna raba kunnen doki da makin Lissafi ko Turanci. Kada ki zaɓa musu. Ki je ofishin shugaban makaranta ki tambaye shi, ki rubuta amsarsa, in da hali ya sa hannu. Ki haɗa da tambayar yaron da bai zauna jarrabawa ba saboda rashin lafiya. Ba shi sifili ya sa ya zama na ƙarshe a aji, alhali bai faɗi ba, bai dai rubuta ba. A irin wannan sai gurbin ya zama Integer mai iya ɗaukar null, ki rubuta Comparator.comparing(Dalibi::getJimilla, Comparator.nullsLast(Comparator.reverseOrder())), ya sauka ƙasan takarda ba tare da matsayi ba. In kin koma Integer, ki canza != ɗin da ke sama zuwa Objects.equals, domin != a kan Integer objek yake gwadawa, ba lambar da ke ciki ba. A manyan azuzuwan sakandare kuma, inda wani ke ɗaukar darussa takwas wani tara, jimilla ba ta yin adalci, matsakaici za ki auna.

Takarda ta biyu, ta sunaye, ita ce mutane ke ɗauka mai sauƙi, ita ce kuma ta fi ba mu wahala a nan. Comparator.comparing(Dalibi::getSuna) zai yi aiki, amma String ba haruffa take gwadawa ba, lambobinsu na Unicode take gwadawa. A tana da 65, Z tana da 90, ƙaramar a 97, ƙaramar z 122. Saboda haka duk sunan da sakatare ya fara da ƙaramin baƙi, irin "abubakar", zai faɗo bayan Zulaihatu. Wanda aka bar sarari a gabansa bisa kuskure zai hau saman kowa, domin sarari 32 ne. Waɗannan biyun trim da String.CASE_INSENSITIVE_ORDER suna maganinsu. Haruffanmu masu lanƙwasa ne ba sa jin wannan maganin. Ɓ tana da 385, Ɗ 394, Ƙ 408, duk sun yi wa Z nisa. Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu za su taru can ƙarshen takarda bayan Zainab. In kika jera da ƙaramar hukuma, Ɗambatta za ta bar Dala da Dawakin Tofa da Doguwa ta koma bayan Wudil, wadda ita ce ya kamata ta rufe jerin ƙananan hukumomi 44 na jihar nan.

Na san abin da aka saba yi: a cire lanƙwasar a rubuta Danladi, matsala ta kau. Ban yarda da wannan ba. Sunan yaro ne, yadda iyayensa ke kiran sa, kuma gyaran layi uku ne. Java tana da Collator, wanda aikinsa gwada rubutu bisa ƙa'idar harshe, kuma za ki iya ƙara masa ƙa'idarki:

```java
String tushe = ((RuleBasedCollator) Collator.getInstance(Locale.ENGLISH)).getRules();
Collator hausa = new RuleBasedCollator(
    tushe + " & B < ɓ, Ɓ & D < ɗ, Ɗ & K < ƙ, Ƙ");

Comparator<Dalibi> bisaSuna = Comparator.comparing(Dalibi::getSuna, hausa);
```

Layin tsakiya yana cewa bayan B sai ɓ, bayan D sai ɗ, bayan K sai ƙ, waƙafin kuma yana nuna babba da ƙarami harafi ɗaya ne. Ki ajiye fayil ɗin a UTF-8, ki kuma tari ParseException da kwamfayila za ta nema. A nan ma akwai shawarar da ba taki ba ce. Alamar < ta mayar da Ɗ harafi mai zaman kansa, duk masu D su ƙare sannan masu Ɗ su fara, yadda abacadar Hausa take. Amma idan bayanan makarantar a gauraye suke, wani an rubuta shi Ɗanjuma wani Danjuma, malamin da ke neman suna zai fi son ya same su wuri ɗaya. Sai ki sauya < da alamar ; (waƙafi mai ɗigo) a gaban ɗ, a ɗauke su harafi ɗaya mai ɗan bambanci. Ƙa'idar Hausa da ke cikin CLDR, kundin ƙa'idojin harsuna na Unicode, wadda burauza ke bi in kin kira Intl.Collator("ha"), ta ma wuce nan: tana ɗaukar sh da ts a matsayin haruffa daban, don haka Shehu yana zuwa bayan Sulaiman. Daidai ne a abacada, amma malamin da ya saba da tsarin Turanci zai ce manhaja ta yi kuskure. Ki nuna masa kafin ki buga.

Akwai abin da babu Comparator da zai gyara. Muhammad, Mohammed da Muhammadu rubutu uku ne, za su rabu a takarda ko da mutum ɗaya ake nufi. A jerin iyaye kuma, in aka bar Alhaji da Hajiya da Malam a cikin gurbin suna, rabin takardar zai taru a A da H da M. Maganin yana wurin shigar da bayani: laƙabi da gurbinsa, sunan yanka da nasa, sunan mahaifi da nasa. Da haka in aka ce a jera da sunan mahaifi, kamar yadda takardun WAEC da NECO ke farawa da shi, layi ɗaya za ki canza.

Aji ma kada ki bar shi a String. Sa'a ce ta sa JSS1 zuwa SS3 ke jeruwa daidai, domin J tana gaban S, kamar yadda A1 zuwa F9 na WAEC ke jeruwa da kansu. Makarantar da ke da nazare da firamare, sa'ar ta ƙare. Ki yi enum, wato ƙayyadadden jerin sunaye, mai suna Aji, ki rubuta azuzuwan daga ƙarami zuwa babba, Java tana jera enum bisa yadda aka rubuta su. Ranar haihuwa ki ajiye ta a LocalDate, domin "03/11/2012" a matsayin rubutu da rana za a fara auna ta, shekara ta zo ƙarshe. Lambar rajista in tana da haruffa, ki cike ta da sifili, 007 da 012 da 100, in ba haka ba 100 za ta riga 12.

Game da dabarar shekarar farko, wadda ake musanya maƙwabta har jeri ya daidaita, ki riƙe ta don jarrabawa da fahimta. A makaranta mai yara 3,000 tana iya yin gwaji kusan miliyan huɗu da rabi. Timsort ba za ta wuce kimanin 35,000 ba, in kuma jerin a tsare yake tun farko, bi ɗaya za ta yi ta gama. Amma ko 35,000 ɗin ma kira ne ga Comparator ɗinki, don haka kada ki sa shi aiki mai nauyi. Kada ya riƙa tara makin darussa duk lokacin da aka kira shi, balle ya leƙa rumbun bayanai. A lissafa jimilla sau ɗaya a ajiye. In sunayen sun yi yawa sosai, getCollationKey tana ba ki damar shirya kowane suna sau ɗaya.

In aiki ya kai ki wani harshe, tunanin bai canza ba. A Python, dalibai.sort(key=lambda d: (-d.jimilla, d.lamba)) ya gama. A JavaScript, sort da ba a ba ta komai ba tana mayar da kowane abu rubutu, shi ya sa 10, 9, 1 ke fitowa 1, 10, 9, objek kuma ko motsi ba sa yi; kiyaye tsohon tsari ya zama wajibi a harshen ne a 2019. PHP ta samu wannan a 8.0. List.Sort ta C# ba ta kiyayewa, OrderBy tana yi. Dart, ga masu Flutter, ba ta yi alƙawarin kiyayewa ba, don haka can dole ki rubuta abin raba gardama da hannunki. Idan kuma ɗaliban a MySQL ko SQLite suke, sau da yawa ORDER BY jimilla DESC, lamba ya fi, musamman in shafi-shafi kike nunawa, domin jera mutum ashirin da ke shafi ɗaya ba ya ba ki ashirin na farko a makaranta.

Kafin ki miƙa aikin, ki haɗa ɗaliban gwaji sama da 40, don ki haye iyakar 32 ɗin nan. Ki sa masu maki iri ɗaya guda uku a sama da wasu a tsakiya, ki sa Ɗanladi da Ƙasimu da Sa'adatu, ki sa suna da ƙaramin baƙi da wani mai sarari a gaba, ki sa wanda bai zauna jarrabawa ba. Ki hargitsa su da Collections.shuffle ki jera, ki sake hargitsawa ki sake jerawa, a cikin madauki sau ɗari. Dole sakamakon ya fito iri ɗaya kowane zagaye. In ya bambanta ko sau ɗaya, Comparator ɗin bai gama raba gardama ba. Daga nan ki roƙi malamin aji ɗaya ya ba ki babbar takardar makin zangon da ya wuce, wadda ya yi da hannu, ki zuba ta a manhajar ki gwada matsayin da ta fitar da nasa, layi bayan layi. Duk inda kuka saɓa, ki tambaye shi dalili kafin ki taɓa kod ɗin, domin mai yiwuwa wata ƙa'idar makarantar ce da ba a gaya miki ba. Allah ya taimaka, in wani saƙon kuskure ya sake fitowa ki turo shi tare da Comparator ɗin da kika rubuta.